Harshe da Lissafin Wutar Lantarki: Darasi Daga Wani Binciken Digiri Na Biyu

Gabatarwa

Sau da yawa idan aka ambaci wani fanni na kimiyya a gaban ɗalibin Hausa, sai ya ce babu ruwansa, wannan ba gonarsa ba ce. Ni ma haka nake, har zuwa dogon hutun da ya wuce, lokacin da wani ɗalibin digiri na biyu daga tsangayar injiniya ya zo sashenmu yana cigiyar tafinta. Mutumin nan kudu ne, abin da ya sani na Hausa bai wuce "sannu" da "nawa ne" ba, ga shi kuma kundinsa ya shafi yadda za a samar wa wani ƙauye na jihar Neja wuta ta hanyar hasken rana. Mako biyu muka yi tare a ƙauyen, shi da takardun tambayoyinsa, ni da bakina. A wannan maƙala zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai abin da ake koyarwa a wannan fanni, in kawo misalin yadda ake lissafin, sannan in nuna wuraren da kalma ɗaya kan iya rushe lissafin baki ɗaya, domin ni da kaina na kusa rushe shi.

Matsalar da ta haifi fannin

A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki, wato kusan kashi 43 cikin ɗari na al'ummar ƙasa a lokacin. A Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai wajen mutum miliyan 600. Tashoshin da aka kafa a ƙasar nan, idan da duka suna aiki yadda ya kamata, za su ba da megawat kusan 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci bai wuce 4,000 zuwa 5,000 ba, kuma mafi yawansa daga iskar gas ake samunsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, jihar da muka je ita ce matattarar madatsun ruwa masu ba da wuta. Akwai Kainji da aka kammala a 1968 mai megawat 760, da Jebba ta 1985 a kan iyakar Neja da Kwara, da Shiroro ta 1990 mai megawat 600, sai kuma Zungeru mai megawat 700 wadda aka kammala a 2023. Duk da haka, a ƙauyen da muka sauka, da magariba ta yi sai tocila da ƙarar ƙananan janareta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Dalili kuwa shi ne, samar da wuta daban, kai ta ƙofar gida daban. Jan waya daga babban layi zuwa ƙauyen da ke da nisa, mai gidaje a warwatse, yana cin kuɗi ƙwarai: turaku, wayoyi, taransifoma, ga gyara. A ɗaya ɓangaren, farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Saboda haka yanzu hanyoyi uku ne a gaban mai tsarawa: ko a ja babban layi, ko a kafa wa gari ƙaramar tasha tasa ta kansa, ko kuma kowane gida ya sa faifansa a rufin ɗaki. Tambayar wace hanya ce ta fi araha ga wane gari, ita ce ginshiƙin wannan karatu.

Ma'anar wasu kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tantance kalmomi uku.

Ta farko ita ce makamashi. Asali, makamashi shi ne abin da ake hura wuta da shi, kamar kara da ƙirare da itace. Daga baya aka faɗaɗa ma'anarsa ya haɗa da fetur, da gas, da lantarki, da duk abin da ke sa na'ura ta yi aiki.

Ta biyu ita ce siffar da ake ba hasken rana da iska da ruwa mai gudu, wato makamashin da ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. A kafofin watsa labarai za ka ji wasu na cewa "makamashi mai sabuntawa", wasu kuma "mai sabuntuwa". Ɗalibin da ya karanci azuzuwan aikatau na Parsons zai gane bambancin nan take. Sabunta aikatau ne mai neman karɓau, don haka "mai sabuntawa" shi ne mai mayar da wani abu sabo. Sabuntu kuwa ɗan aji na 7 ne, mai nuna cewa abu ya yiwu ko yana iya yiwuwa, kamar gyaru da ɗinku. Don haka "makamashi mai sabuntuwa" shi ne daidai, kuma shi zan riƙa amfani da shi.

Ta uku ita ce abin da zan kira samfurin lissafi. Tela kan yanka takarda ya gwada kafin ya sa almakashi a shaddar mutane. Haka shi ma mai tsara wuta yakan gina garin a cikin kwamfuta da alƙaluma: mutum nawa, me suke kunnawa, ƙarfe nawa, rana nawa ake samu, kaya nawa suke. Sai ya yi ta jujjuya shi yana tambayar "idan kaza ya faru fa?" kafin a kashe ko kwabo.

Abin da ake koya da inda ake koyonsa

Ɗalibin digiri na biyu a wannan fanni yana haɗa ilmi iri huɗu ne. Akwai na injiniya, don sanin yadda faifai da batir da inbata ke aiki. Akwai na tattalin arziki, don auna tsadar kowane yunit na wuta a tsawon rayuwar tashar, ba kuɗin ranar saye kaɗai ba. Akwai na taswira da hotunan tauraron ɗan'adam, don sanin inda mutane suke da nisansu da layi. Sai kuma na doka da manufofin gwamnati. Wannan na ƙarshe ya ƙara muhimmanci tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu, abin da ke nufin kowace jiha na bukatar masu iya wannan lissafi.

Manhajojin da ake koyarwa sun kasu gwargwadon girman tambaya. HOMER ta dace da tashar gari ɗaya, tana gaya maka faifai nawa, batir nawa, ko akwai bukatar janareta. OnSSET, wadda aka ƙirƙira a jami'ar KTH ta birnin Stockholm a ƙasar Suwidin, tana ɗaukar taswirar ƙasa guda ta zaɓa wa kowane gari ɗaya daga hanyoyi ukun nan. LEAP da OSeMOSYS kuwa na dogon hange ne, suna duba yadda makamashin ƙasa zai kasance nan da shekara ashirin ko talatin.

A nan gida akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da takwararta ta Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, da cibiyar nazarin tattalin arzikin makamashi da dokokinsa ta Jami'ar Ibadan. A waje akwai cibiyar PAUWES ta Tarayyar Afirka a Tlemcen ta ƙasar Aljeriya, da shirin WASCAL a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Sunan wannan jami'a ma darasi ne a gare mu. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929 wanda ya rasu a 1991, masanin kimiyyar fiziks ne da ya shugabanci hukumar binciken hasken rana ta Nijar shekaru masu yawa. Shi ne kuma ya wallafa littafi a kan ilmi a Afirka a 1964, inda ya goyi bayan koyar da yara cikin harsunansu. Ashe tun da can akwai wanda ya ga dangantakar abubuwan biyu.

Misalin lissafi

Alƙaluman da ke tafe na koyo ne kawai, na zaɓe su don sauƙin lissafi. Da farko a bambance wat da wat-awa. Wat shi ne ƙarfin da na'ura ke ja a lokacin da take kunne, kamar kaurin bakin famfo. Wat-awa kuwa shi ne jimillar abin da ta sha, kamar ruwan da ya taru a bokiti. Wat-awa 1,000 shi ne kilowat-awa ɗaya, wato yunit ɗaya a mita.

Mu ɗauki gida mai ƙwan fitila huɗu, kowanne wat 10, suna kunne awa biyar: wat-awa 200 ke nan. Fanka mai wat 50 ta yi awa shida: 300. Talabijin mai wat 40 na awa biyu: 80. Cajin waya biyu: 20. Jimilla wat-awa 600 a rana. Gida ɗari za su sha yunit 60. A ƙara injin niƙa mai kilowat 5 da ke aiki awa huɗu, yunit 20. A ƙara firjin asibiti, da makaranta, da masallaci, da shaguna, a ce su ma yunit 20. Garin na bukatar yunit 100 kullum.

Yanzu sai faifai. Mu ɗauka ana samun cikakkiyar rana ta awa biyar, kuma kashi ɗaya bisa huɗu na wutar yana salwanta saboda zafi da ƙura da wayoyi. Kowane kilowat na faifai zai ba da yunit 3.75 ke nan. Idan aka raba 100 da 3.75 za a sami kusan kilowat 27, wato faifai 54 masu wat 500.

Sai batir, wanda yana cikin kayan da suka fi tsada a tashar. Idan yunit 60 daga cikin ɗarin nan da dare ake shansu, kuma ba a so a zuƙe batir fiye da kashi 80 cikin ɗari don kada ya mutu da wuri, ana bukatar batir mai ɗaukar yunit 75. Mai karatu ya riƙe lambobin nan biyu, 27 da 75, domin za mu dawo kansu.

Wuraren da harshe ke shiga

Duk lambobin da muka sa a sama daga bakin mutane ake samo su, kuma mutanen da Hausa suke magana. Ga wurare biyar da muka yi tuntuɓe ko muka kusa yi.

Na farko, kalmar wuta. Tambaya ta uku a takardar tana neman sanin ko gidan na amfani da lantarki. Ni kuma sai na fassara ta yadda muke faɗa a birni. Na durƙusa na gaida wata dattijuwa, na ce, "Inna, kuna amfani da wuta a gidan nan?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in ba wuta da me za mu dafa tuwo? Sau uku ma kullum." Dariyar jikokinta ce ta farkar da ni. Abin takaicin shi ne, kafin ita na riga na cika takardu goma sha ɗaya da wannan tambaya, kuma bakwai sun ce e. Da dare na gaya wa abokin tafiyata gaskiya, washegari muka sake zagaya gidajen. Biyu ne kawai ke da janareta. Da mun bar takardun yadda suke, da kundinsa ya nuna cewa fiye da rabin gidajen farko suna da lantarki. Daga ranar na koma cewa "wutar lantarki", ko "wutar NEPA", sunan da har yau jama'a ba su bari ba ko da yake hukumar ta daina aiki da shi tun 2005.

Na biyu, kalmar gida. Takardar Turanci tana nufin mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. A ƙauye kuwa gida ɗaya mai zaure ɗaya yana iya ɗaukar maigida da 'ya'yansa uku masu aure, kowa da sashensa. Da muka tambayi mai gari, muka ce, "Ranka ya daɗe, gida nawa ne a garin nan?" zaure ya ƙirga mana, kuma bai yi kuskure ba, mu ne ba mu iya tambaya ba. A koma ga misalinmu: idan kowane gida cikin ɗarin nan yana da iyali uku, bukatar gidaje ta tashi daga yunit 60 zuwa 180, ta gari duka ta zama 220, faifan da ake bukata ya tashi daga kilowat 27 zuwa kusan 59. Tashar da aka gina bisa ƙidayar zaure za ta riƙa ɗaukewa tun kafin a yi isha'i. Tambayar da ta yi mana aiki ita ce, "Tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan?"

Na uku, lokaci. Manhaja tana son a ba ta bukatar kowace awa cikin awa ashirin da huɗu, amma ba wanda ya amsa mana da ƙarfe kaza. Abin da muka riƙa ji shi ne "da asuba", "da hantsi", "bayan la'asar", "daga magariba har mu kwanta". Aikin tafinta ne ya mayar da waɗannan zuwa agogo ba tare da ya yi son kai ba. Mai injin niƙa ya ce mana yana aiki "da safe". Abokina ya yi murna, don safiya akwai rana. Da na ƙara bincikawa sai ya ce ranar kasuwa tun kafin assalatu yake tayar da inji, don mata su sami gari da ƙullu da wuri. Wannan safiyar ta batir ce, babu rana a cikinta. Yunit 20 ɗin injin sun koma lissafin dare, 60 ta zama 80, batir ya tashi daga 75 zuwa 100. Kalma ɗaya ta ƙara sulusin kuɗin batir.

Na huɗu, yanayin shekara. Takardar ta raba shekara biyu, lokacin ruwa da lokacin rani. Bahaushe kuwa ya fi ta ƙididdigewa, kuma rabonsa ya fi amfani ga mai lissafi. Da bazara fanka ba ta hutawa. Da marka gajimare kan rufe rana kwana da kwanaki. Da kaka injinan sussuka da niƙa ke tashi, kuma lokacin ne manomi ke da kuɗin biya. Da hunturu hazo na rage hasken, ƙura na kwanciya a kan faifai. Ga kuma watan azumi, da ake tashi sahur a kunna fitilu, a nemi ƙanƙara da yamma, wata ne kuma da ke matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Abokina ya sake zana jadawalinsa bisa waɗannan sunaye.

Na biyar, maganar kuɗi. Tambayar "nawa za ka iya biya a wata?" tana da nauyi a bakin baƙo. Wani zai ce "abin da Allah ya hore", wani ya faɗi adadi mai yawa don kada a raina shi a gaban maƙwabta, wani ya rage don yana zaton tallafi ne za a raba. Ba ƙarya suke yi ba, kunya ce da kara irin tamu. Sai muka sauya salo, muka riƙa tambayar abin da ya riga ya faru: batirin tocila nawa aka saya makon jiya, nawa ake biya a shagon caji, litar fetur nawa janareta ya sha. Waɗannan kowa na iya faɗarsu ba tare da jin nauyi ba, kuma jimillarsu ta fi nuna ƙarfin aljihun gida.

Matakan samun wuta da bukatar keɓaɓɓun kalmomi

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa samar wa kowa makamashi kafin 2030 a matsayin muradi na bakwai cikin muradun ci gaba mai ɗorewa. A shekarar ne kuma Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni da ya daina raba mutane gida biyu, masu wuta da marasa wuta. Ya kasa su matakai daga sifili zuwa biyar. Mataki na 1 shi ne fitila da cajin waya na aƙalla awa huɗu a rana. Mataki na 3 yana bukatar aƙalla wat 200 da awa takwas. Mataki na 5 kuwa kilowat 2 ne da awa 23. Bisa wannan ma'auni, da yawa daga cikinmu da ke zaune a birni da waya a kan gida ba mu kai matakin ƙarshe ba.

Don a san matakin da gida yake, sai an tambayi tsawon lokaci, da yawan ɗaukewa, da ingancin wutar. Jama'a suna da kalmominsu na wannan: an ɗauke, an kawo, ta yi ƙasa, ta zo da ƙarfi ta ƙona kaya, rabin wuta. Waɗannan taska ce da ya kamata mu tattara. Akwai kuma kalmomin da ke bukatar a daidaita su, domin "ƙarfi" kaɗai yana ɗaukar ma'anoni uku ko huɗu da injiniya ke rarrabewa. Shawarata ita ce a bi matakai uku: a fara da kalmar da masu sana'a ke faɗa, kamar sola da inbata da mita, idan babu, a faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma kamar yadda aka yi wa makamashi, ƙirƙira ta zo daga ƙarshe, kuma a gwada ta a kunnen mai walda da mai shagon caji kafin a sa ta a takarda.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga dalilin da ya sa ake horar da masu lissafin makamashi, da abin da suke koya, da yadda ake auna tashar gari ɗaya. Mun kuma ga cewa kwamfuta ba ta tantance amsar da aka ba ta, abin da aka zuba mata shi take niƙawa. Idan tasha ta yi ƙanƙanta, mutane su yi fushi su koma janareta. Idan ta yi girma fiye da kima, kuɗin wuta ya fi ƙarfinsu, kamfani ya karye. A duka biyun asibitin ƙauye ne ke komawa duhu. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana da ke neman batun kundin kammala digiri su dubi wannan fage, ko ta fuskar fassara, ko keɓaɓɓun kalmomi, ko nazarin ma'ana.

Ga ɗan aikin gwaji ga mai sha'awa. Ka je Sabo ko duk unguwar Hausawa da ke kusa da kai, ka sami mai shagon caji ko mai sayar da ƙanƙara. Ka rubuta duk na'urorin da yake kunnawa, da wat ɗin da ke rubuce a jikinsu, da lokacin da yake kunna su cikin kalmominsa shi kansa. Ka fitar da yunit ɗinsa na rana da na dare kamar yadda muka yi a sama, sannan ka jera duk kalmomin sana'ar da ka ji daga bakinsa, ka kawo wa sashe don a fara tara su wuri ɗaya.